Yadda zaka bi sawun hasken eksire na baƙin ramin da yayi shiru

A watan Agustan 1975 wani tauraron ɗan adam na Birtaniya mai suna Ariel 5 ya hango wani abu ya kunno kai a gabas da taurarin Orion, cikin kwanaki kaɗan abin ya zama mafi haske a sama ta fannin eksire in ka cire rana, aka sa masa suna A0620-00. Bayan wasu watanni ya mutu murus, kuma tun daga lokacin har yau bai sake tashi ba. Baƙin rami ne, wato ragowar babban tauraro da ya durƙushe har haske ma baya iya kuɓucewa daga cikinsa, mai nauyin rana wajen 6 da rabi, yana da wani ƙaramin tauraro da suke zagaye juna duk awa 7 da minti 45, kuma yana zuƙar gas daga jikin tauraron nan. To abin da ya dame ni tun ranar da na fara karanta labarinsa shi ne, wai yayi shiru, amma in ka juya na'ura mai kaifin ido ka jira, har yanzu akwai ɗan hasken eksire da yake ɗigowa daga wajen. Baƙin rami dai baya fitar da haske daga cikinsa, wannan kowa ya sani. To wa yake haskawa?

Wannan tambayar ce zan nuna maka yadda ake bin sawunta, kuma da kanka zaka iya yin mafi yawan aikin in kana da kwamfuta da data, dan bayanan a buɗe suke kyauta. Eksire ɗin nan fa shi ne dai wanda ake ɗaukar hoton ƙirji ko karaya da shi a asibiti, sai dai na sama iskar duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa, shi yasa dole sai an harba na'urar can sama.

Fara da zaɓen wanda zaka bincika, kuma shawarata ka ɗauki biyu dan ka riƙa gwada su da juna. Na farko A0620-00 ɗin nan, nisansa ya haura shekarun haske 3,000, wato tafiyar da haske zai yi a shekara 3,000. Na biyu V404 Cygni, nauyinsa kamar rana 9, shi da tauraronsa suna zagaye ɗaya a kwana 6 da rabi, nisansa wajen shekarun haske 7,800 kuma an auna nisan da kyau sosai da na'urorin rediyo a 2009. Shi V404 ya tashi a 1938, ya tashi a 1956, ya tashi a 1989, ya sake tashi a Yunin 2015, tsakanin nan kuma yana kwance. Dalilin da yasa nace su biyun, ɗaya dishi-dishi ne ƙwarai ɗaya kuma shi ne mafi haske a cikin masu shirun, duk bayanin da ka kawo in bai iya ɗaukar su biyun ba to da sauran aiki.

Sai ka je ka kwaso bayanai. Na'urar Chandra ta NASA da aka harba a Yulin 1999 ita ce gwanar wannan aiki saboda idonta yana raba abubuwa biyu da suke manne da juna, kuma duhun bayan hotonta tsaf yake, ko ƙwayar haske goma ce ta iso zaka iya cewa daga nan ta fito. Ka shiga rumbun bayanan Chandra ko na HEASARC, wani rumbun NASA, ka rubuta sunan tauraron, zai jero maka duk lokutan da aka kalle shi kowanne da lambarsa, galibi bayan wani ɗan lokaci da ɗauka ake sakin bayanan ga kowa. Manhajar aikin sunanta CIAO, kyauta ce, tana tafiya a Linux da Mac, in Windows kake da shi sai ka sa Linux a cikinsa tukunna. Ka sauke ta da daddare lokacin da netwok ya sarara dan fayilolin daidaita na'urar suna da nauyi, kuma ka tabbata akwai caji, wuta ta taɓa ɗauke min ana tsakiyar saukewa sai da na sake daga farko. Da download_chandra_obsid zaka jawo bayanan, da chandra_repro zaka wanke su, sannan ka buɗe hoton da manhajar kallon hoto mai suna DS9.

Kar ka sa ran ganin wani abu mai kyau irin hotunan da ake yaɗawa. Ranar da na fara buɗe na A0620-00 na daɗe ina kallon allo, baƙi ne wuluk da ɗige-ɗige a warwatse kamar an watsa gero a tabarma, sai da na rage faɗin hoton sannan na ga wani ɗan gungu a tsakiya. Kallon farko da Chandra ta yi masa a shekarar 2000 ya ɗauki wajen awa 12, abin da aka tara ƙwayar haske ɗari ne da wani abu. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, kowace ɗaya ta yi tafiyar sama da shekara 3,000 kafin ta faɗo kan na'urar, kuma a 'yan ƙwayoyin nan ne duk amsar take. Wallahi jikina yayi sanyi.

Yanzu lissafin farko, kuma shi ne ginshiƙi. Ka zana ɗan da'ira a kan gungun, ka zana wata babba a gefe inda babu komai dan ka cire hayaniyar baya, specextract zai fitar maka da bakan hasken, wato ƙwaya nawa ce ta zo a kowane mataki na ƙarfi. Daga nan zaka samu yawan ƙarfin da yake sauka kan kowane santimita murabba'i a daƙiƙa. Dan ka san ainihin abin da tauraron yake fitarwa sai ka ninka wannan da 4, da 3.14, da nisa sau nisa. Masana suna lissafi da erg, erg miliyan 10 a daƙiƙa shi ne wat ɗaya. A V404 nisan a santimita 7.4 ne sau 10^21 (1 da sifili 21 a bayansa), in ka yi ninkin duka zaka samu wajen 7 sau 10^44, to in abin da ya iso ya kai 1.5 sau 10^-12 kaga ka tashi da 10^33 erg a daƙiƙa, wato 1 da sifili 33 a bayansa, kusan rubu'in duk hasken da ranarmu take fitarwa. Na A0620-00 kuma 'yan 10^30 ne kawai. Ka kula da nisa fa, tunda sau biyu yake shiga lissafi, in kayi kuskuren ninki biyu a nisa ka yi na ninki huɗu a amsa.

Sannan ka gwada shi da iyakar Eddington, wato hasken da in abu ya kai shi to hasken da kansa zai fara ture gas ɗin da yake faɗowa. Kowane nauyin rana ɗaya iyakarsa 1.3 sau 10^38 erg ne a daƙiƙa. V404 a kwance yana kan kashi ɗaya cikin miliyan na iyakarsa, A0620-00 kuwa 'yan kashi ne cikin biliyan. Duk wanda ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin 100,000 shi ake cewa yayi shiru.

To yanzu sai a zo kan waɗanda ake zargi, kuma kar ka yi saurin ɗora wa ramin, fara da maƙwabcinsa. Taurari irin ranarmu suna da wani rawani na gas mai zafin digiri miliyoyi da maganaɗisu yake hurawa, kuma yana fitar da eksire. Tauraron da yake juyawa da sauri rawaninsa yafi zafi, shi kuma abokin baƙin rami an ɗaure shi ne, dole ya juya sau ɗaya a kowane zagaye, kaga na A0620-00 yana juyawa cikin ƙasa da awa 8 alhali ranarmu sai ta yi wajen kwana 25. A shekarar 2000 Lars Bildsten da Robert Rutledge suka ce to me zai hana ace hasken nan duk na rawanin tauraron ne, kuma magana ce mai ma'ana ba ta wasa ba. Ga yadda zaka gwada ta. An lura cewa komai saurin juyawar tauraro, eksire ɗin rawaninsa baya wuce kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na duk haskensa, nan yake ƙoshi. Sai ka nemo hasken tauraron ka raba da 1,000 ka gani ko ya kai abin da ka auna. A V404 ko kusa bai kai ba, ya gaza da ninki goma ko fiye, su kansu masu maganar basu ce ta isa can ba. A A0620-00 kuwa abin ya matso kusa, ya gaza amma ba da nisa sosai ba, shi yasa lissafin haske shi kaɗai bazai raba gardamar ba, sai ka koma kan bakan.

Anan zaka buɗe Sherpa da yake cikin CIAO, ko XSPEC in shi ka fi so. Ka gwada samfuri biyu, kowanne ka haɗa shi da tbabs dan gas ɗin da yake kan hanya tsakaninmu da tauraron yana cinye ƙwayoyi marasa ƙarfi. Na farko apec, shi ne na gas mai zafi irin na rawani. Na biyu powerlaw, wato gangara miƙaƙƙiya mai lamba ɗaya da ake kira gamma, in lambar ta yi girma to masu ƙarfin sun yi ƙaranci. Abu ɗaya da zan roƙe ka, tunda ƙwayoyin kaɗan ne kar kayi amfani da kai-sikwaya, lissafin da aka saba auna dacewar samfuri da shi, ka zaɓi lissafin Cash, cstat ake rubutawa, an yi shi ne dan irin wannan yanayin na ƙarancin ƙidaya. Abin da aka samu da Chandra a 2002 shi ne in ka dage sai ka bayyana hasken da gas mai zafi, to zafin da ake buƙata ya zarce na rawanin taurari da aka saba gani, ita kuwa gangarar tana zama daidai ba tare da wahala ba. Ni a nan na sallami tauraron, zai iya sa ɗan hannu a masu dishi-dishin amma ba shi ne mai kayan ba.

Na biyu faifan gas ɗin da yake kewaye ramin. Wannan bazai ɗauke ka lokaci ba. Lokacin shiru faifan yana sanyi, 'yan dubban digiri, yana tara kaya ne a hankali har ranar da zai cika ya ɗau zafi ya juye gaba ɗaya, wannan juyewar ce tashin da ake gani bayan shekaru. Ƙwayar eksire mai kilo-ilektiron-bolt ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske, tana buƙatar zafin digiri wajen miliyan 11. Faifai mai sanyi bazai iya ba.

Amma faifan ya bar mana wata alama da ita ce zuciyar maganar. Inda gas ɗin tauraron yake zubowa ya daki gefen faifan akwai wani tabo mai haske da ake gani da tabaran hangen nesa na ƙasa, daga shi ake ƙiyasta yawan gas da yake shigowa. Da aka kama ɗan eksire ɗin A0620-00 a shirunsa da na'urar ROSAT a farkon shekarun 1990, Jeffrey McClintock da abokan aikinsa suka ga cewa gas ɗin da yake shiga ta waje ya ninka wanda eksire ɗin yake nunawa sau dubbai. Kaya suna shiga, haske baya fitowa. Wasu suna taruwa a faifan, eh, amma ragowar fa?

Ramesh Narayan da Insu Yi suka kawo amsa a 1994 da 1995, ko da yake Setsuo Ichimaru na Japan ya riga ya hango hanyar tun 1977. Suka ce faifan baya kaiwa har bakin ramin, a can ciki yana narkewa ya koma wani gas mai kumburi, mai tsananin zafi amma shara-shara. Gas ɗin ya rabu ne zuwa ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton masu nauyi da ilektiron marasa nauyi. Saboda ba cunkoso, furoton da suke ɗauke da mafi yawan zafin basa yawan karo da ilektiron, su kuma ilektiron su ne masu iya mayar da zafi haske. Sai furoton su kai digiri kusan tiriliyan ɗaya, ilektiron suna can ƙasa da haka sosai, kafin a miƙa musu zafin gas ɗin ya riga ya wuce bakin ramin, iyakar da ba a dawowa. Kamar mutum ne ya ɗauko garwashi a rufaffen kasko ya jefa rijiya, zafin yana nan amma da shi aka tafi, ɗan abin da ya tsira ta gefen murfi shi muke gani. Ɗan eksire ɗin yana samuwa ne in ilektiron masu zafi suka daki ƙwayoyin haske marasa ƙarfi suka ƙara musu ƙarfi. A 1999 Roger Blandford da Mitchell Begelman suka ƙara da cewa gas mai irin wannan zafin ma yawancinsa bazai kai ramin ba, iska zata kwashe shi ta yi waje da shi.

Wanda ake zargi na ƙarshe feshi ne, siririn gas da ake harbawa daga kusa da ramin sama da ƙasa, ilektiron a cikinsa suna gudu kusa da gudun haske suna murɗawa cikin maganaɗisu suna fitar da haske tun daga rediyo. Dan ka gwada wannan sai ka nemo awon rediyo da aka yi lokaci ɗaya da na eksire, lokaci ɗaya fa, dan abubuwan nan suna canzawa. A 2005 Elena Gallo da abokan aikinta suka kama A0620-00 da na'urar VLA ta Amurka, ɗan siriri ƙwarai, maikuro-janski 51 a ma'aunin hasken rediyo. Ka zana hasken rediyo a gefe ɗaya na eksire a ɗaya gefen na baƙaƙen ramuka da yawa, zaka ga sun hau layi, in eksire ya ragu rediyo ma yana raguwa amma a hankali, gangarar layin kusan 0.6 zuwa 0.7 in an zana da logarizim. A wannan shekarar ta 2005 Feng Yuan da Wei Cui sun yi hasashen cewa in haske yayi ƙasa sosai feshin zai ƙwace eksire ɗin gaba ɗaya kuma layin zai karye ya ƙara gangara. A0620-00 sai ya faɗo kan miƙaƙƙen layin, haka V404 da aka bi shi yana komawa barci bayan 2015 ba a ga karyewar ba.

Ka dawo kan gamma ɗinka. Lokacin da baƙin rami yake da sauran haske bai kai ga shiru ba lambar tana wajen 1.5 zuwa 1.7, yana dusashewa tana hawa, sai ta tsaya a kusan 2.1 ta ƙi gaba, Richard Plotkin da abokansa suka nuna haka a 2013 da suka tattara ramuka da yawa. Na'urar NuSTAR da take ganin eksire mai ƙarfi ta kalli V404 a kwance ta ga gangarar nan ta miƙe har sama da kilo-ilektiron-bolt 20 babu lanƙwasa. In naka lissafin ya baka wani abu kusa da 2 to kana kan hanya, amma ka rubuta faɗin kuskurenka da gaskiya, da ƙwaya ɗari faɗin zai yi yawa.

Akwai gwaji ɗaya da nafi so duk cikinsu, na lokaci. Da dmextract ka yanka kallon V404 gunduwa-gunduwa, kamar minti goma-goma, ka ƙirga ƙwayoyin kowane yanki. Zaka ga abin da ake cewa yayi shiru ashe baya zama wuri ɗaya, yana iya ninkuwa sau 20 cikin 'yan awoyi ya koma. Robert Hynes da abokansa sun haɗa Chandra da tabaran ƙasa a dare ɗaya, a 2004 suka bayyana cewa duk sanda eksire ya tashi jan layin haidurojin na faifan ma yana tashi, kuma ɓangaren faifan da yake tahowa wajenmu da wanda yake tafiya duk tare suke amsawa. Abin da zai haska faifai gaba ɗaya lokaci guda dole a tsakiya yake zaune, kamar fitila a tsakar ɗaki. Wannan ya gamsar da ni fiye da kowane lissafi.

To tsakanin gas mai zafin da feshin wanne ne? Masana har yanzu suna jayayya, ni dai inda na karkata shi ne gas mai zafin da gindin feshin kusan unguwa ɗaya ce, daga cikin gas ɗin feshin yake tsirowa, kuma rashin karyewar layin rediyo yana nuna injin da yake aiki lokacin da ramin yake da ɗan haske shi ne dai yake aiki a shirun, an rage masa mai ne kawai.

In ka kai nan, ka ƙara da tauraron niyutiron guda ɗaya, wato ragowar tauraro da ya dunƙule amma bai kai ga zama baƙin rami ba, Cen X-4 ko Aql X-1, ka yi masa duk abin da kayi a sama. Shi yana da doron ƙasa, gas in ya faɗo sai ya daku, kuma jikinsa yana riƙe zafin da ya tara lokacin tashi, zaka ga wani tudu mai laushi a bakansa na zafin digiri wajen miliyan ɗaya wanda babu shi sam a na baƙin rami. A 2001 Michael Garcia da abokansa suka jera su da Chandra, suka ga baƙaƙen ramuka sun fi dishi-dishi da kusan ninki 100, suka ce wannan shaida ce ta iyakar da ba a dawowa. Amma ka gwada masu tsawon zagaye iri ɗaya, dan tsawon zagaye yana da alaƙa da yawan gas da ake zubowa, in ka haɗa V404 mai kwana 6 da rabi da Cen X-4 mai awa 15 ka ɓata gwajin. Kuma ka sani Rob Fender da abokansa a 2003 sun ce feshi ma zai iya kwashe ƙarfin ya fita da shi, ba lallai sai ramin ya haɗiye ba, dan haka hujja ce mai ƙarfi amma bata rufe ƙofa ba.

Wani lokacin kuma zaka zana da'irarka ka tarar babu komai a ciki, ko ƙwaya ɗaya ko biyu da basu fi hayaniyar baya ba. Kar ka rubuta sifili, ka lissafa iyakar sama, wato hasken bai wuce kaza ba, srcflux na CIAO zai taimaka maka. Haka aka yi da Gaia BH1 da aka gano a 2022, nisansa wajen shekarun haske 1,560, tauraronsa irin ranarmu ne yana zagaye a kwana 186, yayi nisa da ramin sosai babu gas da yake zubowa sai 'yar iskar da tauraron yake hurawa. Chandra ta kalle shi bata ga komai ba, kuma lambar da aka rubuta ta iyakar ita ake amfani da ita yanzu wajen auna yawan gas ɗin da yake isa bakin ramin.